SHIN WAHALA MAKARANTA CE?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya a nan Bwari. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan.)





Da farko ina neman afuwar malamai, domin bai kamata ɗan tireda ya tsaya yana jawabi suna zaune ba. Karatuna na Islamiyya ne, sauran kuwa a bakin kanta na yi shi. In na yi daidai daga Allah ne, in na kauce ku gyara mini.

Da sakatare ya kawo mini takarda cewa ni zan yi magana a kan ko wahala da masifa suna da amfani ga ɗan'adam, kuma ko suna gyara hali, dariya na yi. Na ce masa ai wannan ba ta buƙatar taro, ko yaro ka tambaya zai ce maka sai an sha wuya akan sha daɗi. To amma da na kwanta da dare sai barci ya ƙi zuwa. Na shiga lissafa mutanen da na san sun sha wuya a garin nan, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, ina tambayar kaina: wane fa, ya sha daɗin? Wane fa? Kafin asuba amsata ta canza. Ita ce na zo da ita yau.

ABIN DA MUKA TASO MUKA JI

Mu 'yan zamaninmu da wannan karatu aka yaye mu. Bayan wuya sai daɗi. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo. Kuma mun ga alama a jikinmu. Ina yaro a 1984 na bi layin sayen madara da sabulu da sukari tun duku-duku, soja na tsaye da bulala. Na ga yadda tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye jarin mahaifina yana ji yana gani. Na baro gida na sauka a Suleja, daga can na hauro Bwari a 1992, shekara guda bayan an dawo da fadar gwamnati Abuja. Jarina a lokacin faranti ɗaya ne na alawa da ashana da sigari. A barandar masallaci nake kwana, damina ta same ni a nan.

A idona aka yi ƙaramar hukumar Bwari a 1996. A idona Makarantar Lauyoyi ta taso daga Legas ta sauka a nan a 1997, ga kuma hedkwatar JAMB, gari ya buɗe, ciniki ya kankama. Faranti ya zama tebur, tebur ya zama shago. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni sirrin abin, sai in bugi ƙirji in ce wahala ce ta gina ni. Shekara ashirin da biyar ina faɗin haka, kuma na yarda da shi har zuciyata.

RANAR DA KASUWA TA ƘONE

Sai ranar Litinin 25 ga Disamba, 2017. Ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kuna nan. Rikici ya tashi a garin nan, aka rasa rayuka, wuta ta cinye kasuwar Bwari, har Ministan Abuja na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya sa dokar hana fita daga shida na yamma zuwa shida na safe. Ban tsaya nan don in ce wane ne da laifi ba. Na kawo ta ne domin a ranar wuta ɗaya ta shiga shaguna da yawa, kamar malami ɗaya ne ya shiga aji ɗaya. In wahala makaranta ce, to ya kamata ɗaliban su fito da sakamako mai kama da juna. Bari in ba ku labarin uku daga cikin 'yan ajin, ba tare da suna ba.

Na farko dattijo ne mai sayar da atamfa da shadda a layinmu. Wallahi ya fi ni haƙuri, ya fi ni ibada, kullum yana sahun farko. Da muka tsaya a kan tokar shagonsa shi ne ma yake ba mu haƙuri. Amma kayan da suka ƙone rabinsu na bashi ne, an ɗauko su don cinikin ƙarshen shekara. Masu kaya suka yi kawaici wata biyu, sannan suka fara aike. Ya sayar da filinsa ya biya wasu. Hawan jini ya kama shi, daga nan ɓarin jiki ya shanye. Aka mai da shi garinsu, can ya rasu. Yaransa biyu da ke sakandare suka bar makaranta. Allah Ya jiƙansa.

Na biyu saurayi ne mai awon hatsi, yaron kirki, in ya auna maka masara sai ya ƙara maka da hannu. Ya tashi bayan gobara, ya koma kasuwa, har ya fi da. Amma ba mutumin da muka sani ba ne ya dawo. Ya bubbuge gindin mudunsa, ya koyi algus, ya daina ba kowa bashi ko da gawa ce a gidan mutum. Na taɓa yi masa magana, sai ya dube ni ya ce, "Baba, ranar da nake kwana da yunwa wa ya tambaye ni?" Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni ma ban tambaye shi ba.

Na uku ni ne. Ni ma ban fita da ko allura ba, har kuɗin cinikin kwana huɗu da na bari a akwatin shago. Amma ga ni tsaye a gabanku. To, me ya raba ni da su?

Da can sai in ce juriya. Yau na san ba haka ba ne. Kwana biyar da gobara maigidana na kasuwar Singa a Kano ya kira ni ya ce in turo mota. Ya loda mini kaya ba takarda ba shaida, ya ce in biya in na samu. Me ya sa? Saboda shekara ashirin muna hulɗa ban taɓa saɓa masa rana ba. Wannan ɗaya. Na biyu, maiɗakina ta fito da kuɗin adashinta da 'yan kunnenta ta ajiye a gabana. Na uku, wata maƙwabciyata Gbagyi mai sayar da doya, wadda ita ce ma ta ɓoye yaron shagona a gidanta ranar rikicin har ƙura ta lafa, ta ba ni aron rumfa a ƙofar gidanta na fara kasa kaya. Kun ji waɗanda suka tashe ni. Wuta ba ta ba ni komai ba, karɓa ta yi. Mutane ne suka ba ni.

Ban ce ban koyi komai ba. Na daina kwanar da kuɗi a shago. Littafin bashina yanzu biyu ne, ɗaya a kasuwa ɗaya a gida. Girman kan da ya fara shigata ya sauka, na kuma san masu ƙaunata na gaskiya. Amma ku duba tsadar karatun! Kuma da ina da kunnen ji, da na koye shi kyauta, domin a watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, muka ji a rediyo, muka ce Allah Ya kiyaye, muka ci gaba da abin da muke yi. Gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta, ba mu shafa wa namu ruwa ba.

WAƊANDA BA A ƘIRGAWA

Jama'a, akwai wani kuskuren lissafi da muke yi, kuma ɗan kasuwa bai kamata ya yi shi ba. Muna ƙirga riba, ba ma ƙirga asara.

In ana wannan magana sai a kawo Alhaji Alhassan Ɗantata. Gaskiya ne, an haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, wata baiwar Allah mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja, ya shiga cinikin gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 sunansa ya game Afirka ta Yamma. Sai a ce kun gani, maraici ne ya yi shi. To ni tambayata ita ce: marayu nawa aka yi a ƙasar Kano a zamaninsa? Ina labarin sauran? Wanda wuya ta kashe ba ya zuwa taro ya ba da shaida. Mu da muka tsira mu ne muke riƙe da lasifika, shi ya sa kullum labarin yake fitowa da daɗi. Kuma ko a labarin nasa ku lura, akwai Tata. Akwai gidan fatauci da ya fito daga ciki. Ba a sarari ya tsiro ba.

Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta wajajen 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da ya kashe dabbobi ya tashi ƙauyuka. Ban taɓa jin tsohon da ya ce Allah Ya maimaita ba. Likitoci kuma sun tabbatar cewa yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba tun yana ciki har ya cika shekara biyu, yakan tsumbure, jiki da ƙwaƙwalwa, kuma da wuya a gyara daga baya. Wane hali yunwa ta gina wa wannan jaririn?

Mu dawo kusa. A 2020 an kulle Abuja saboda korona. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layi bai sami na cefane ba. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Janairun 2024 masu garkuwa da mutane suka addabi yankin nan na Bwari, har aka rasa rayuka. In da wahala ita kaɗai tana gyara hali, ai da yanzu duk mun zama waliyyai. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a waɗannan shekarun mudu ya ƙara cika ne ko ya ƙara ramewa? Ɓoye kaya ya ragu ne ko ya ƙaru? Na ga waɗanda tsanani ya sa suka buɗe rumbunsu, Allah Ya saka musu. Na kuma ga waɗanda suka mai da kukan jama'a jari.

Saboda haka ga inda na tsaya. Wahala wuta ce. Wutar da ta dafa tuwo ita ce take ƙona shi. Abin da ke raba dafuwa da ƙonewa abu uku ne: abin da aka zuba a tukunyar tun farko, yawan wutar, da kuma ko akwai mai tsaye a bakin murhu. Wato tarbiyya da amanar da mutum ya tara kafin masifa ta zo, da nauyin masifar ko ya fi ƙarfinsa, da mutanen da za su sauke shi kafin ya ƙone. Wahala ba ta zuba wa mutum halin da ba shi da shi. Tana dai fito da abin da ke ciki, in kuma ta daɗe babu mai saukewa, har mai kyan ma sai ta lalata shi.

ABIN DA MUKA KARANTA A ISLAMIYYA

Kada wani ya fita ya ce na yi jayayya da ƙaddara. Allah Ya tsare ni. Mun karanta a Suratul Baƙara cewa za a jarrabe mu da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka, kuma an yi wa masu haƙuri bushara. Mun san ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi. Wannan lada ce, tana wurin Allah, babu mai taɓa ta. Dattijon nan mai atamfa ina kyautata zaton ya tarar da tasa.

Amma malamai suna nan, su gyara mini: Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsari daga talauci da nauyin bashi, kuma ya hore mu da roƙon lafiya da zaman lafiya. Ba a umarce mu mu nemi bala'i ba, ba a kuma ce mu zuba wa wanda ya shiga ido ba. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi farin da ake kira shekarar toka a Madina. Sayyidina Umar bai hau mumbari ya ce wa mutane yunwa za ta gyara muku hali ya sauka ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har aka sami sauƙi, ya kuma dakatar da haddin sata a wannan shekarar. Ya san abin da yunwa take yi wa hali.

Annabi Yusufu (AS) da aka nuna masa shekaru bakwai na fari suna tafe, rumbu ya gina. Mu 'yan kasuwa kuma muna son labarin Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina hannu wofi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Muna faɗin wannan don nuna zuciya, kuma haka ne. Amma ku lura da sauran rabin labarin: ya zo da sanin ciniki tun daga Makka, ya tarar da ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, ya tarar da wanda zai nuna masa hanyar kasuwar.

Ashe in masifa ta sauka a gidan maƙwabcinka, takardar jarrabawa biyu aka raba. Tasa ita ce haƙuri. Taka ita ce me ka yi. Mu kuwa mun ƙware wajen karanta masa tasa, mu ninke tamu mu sa a aljihu. A 2017 ni na faɗi tawa a kan yaron nan mai hatsi, kuma har yau tana damuna.

HORO DABAN, AZABA DABAN

Wannan ta kawo ni kan 'ya'yanmu da yaran shagunanmu. Akwai uban da zai ce, ni a barandar masallaci na kwana, don haka ɗana ma sai ya ɗanɗana. Akwai maigidan da zai riƙe yaro shekara goma, ba sallama ba jari, yana cewa horo yake ba shi. Akwai wanda zai turo yaro ɗan shekara bakwai karatu garin da bai san kowa ba, ba kwano ba bargo, ya ce wuya ce za ta sa ya yi albarka.

Ni ban ce a shagwaɓa yara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗana yana tashi da asuba, yana share shago, yana ɗaukar buhu, in ya ɓatar da kuɗi a aljihunsa zan cire. Amma horo yana da ma'auni, yana da manufa, yana da ranar ƙarewa, kuma mai yin sa yana tsaye yana kallo. Azumi ma da Allah Ya ɗora mana yana da magariba, an kuma ɗauke wa mara lafiya da matafiyi. Duk wahalar da ba ta da magariba ba horo ba ce. In ka tanƙwara icce ka wuce iyaka, karyewa yake yi.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ba zan sauka ba sai na roƙi abu biyar.

Na ɗaya, asusun gaggawar nan da muke ta magana a kansa, a tayar da shi da gaske. Kowa ya riƙa zuba abin da aka yanka masa duk wata, a sa shi a banki da sa hannun mutum uku, a karanta mana lissafi a kowane taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a gyara yadda muke jaje. Ranar farko kowa yana zuwa, har wurin zama yakan yi wuya. A wata na uku, lokacin da masu bashi suka fara sallama, kuɗin makaranta ya zo, ba ka ganin kowa. A naɗa mutane da aikinsu shi ne komawa a wata na uku da na shida, su tambaya a asirce, domin mai mutunci ba zai faɗa a bainar jama'a ba.

Na uku, manyanmu su riƙa shiga tsakanin wanda asara ta samu da masu binsa bashi, a nema masa jinkiri ko rangwame tun kafin ya sayar da gidan da 'ya'yansa suke kwana.

Na huɗu, duk mai yaron shago ya yanka masa lokacin sallama a gaban shaidu. Kuma kada ɗan wani ɗan ƙungiya ya bar makaranta saboda uban ya faɗi, muna raye.

Na biyar, mu riƙe zumunci da 'yan'uwanmu Gbagyi da sauran ƙabilun da muke zaune tare. Mun tarar da su a nan, kasuwarmu ɗaya, ruwan da muke sha ɗaya. Wutar 2017 ba ta tambayi yaren mai shago ba kafin ta shiga. A ranar na gane da idona cewa zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ku samari musamman, masifar da mutum ya kunna da hannunsa kada ya zo yana kiranta ƙaddara.

Ku kuma da kuke cikin tsanani a yanzu, na san kuna cikin taron nan ko da ba ku ɗaga hannu ba. Ba zan ce muku abin da kuke ciki daɗi ne ba. Ku yi haƙuri, ku riƙe amana ko da ita kaɗai ta rage muku, domin ita ce jarin da wuta ba ta ci, ni shaida ne. Kuma ku yi magana. Faɗa wa ɗan'uwa halin da ake ciki ba raki ba ne.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Allah Ya yaye mana, kada Ya ɗora mana abin da ba za mu iya ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Bwari da Nijeriya lafiya. Abin da na yi kuskure ku yafe mini.